Bargon Auta

Tashar tana rataye a sararin samaniya, nesa da kowace duniya, kuma aikinta ɗaya ne: jiragen da suka sha tafiya su tsaya su ɗebi ruwa su wuce. Can ƙasan tashar, inda bututan ruwan zafi ke bin bango, nan ɗakin wankin Inna yake. Bahuna ne da igiyar shanya, sai ɗan ɗakin kwana daga ciki, mai taga ɗaya da ba a ganin komai ta cikinta sai duhu da taurari.

Babbar 'yarta, wadda kowa ke kira 'Yar Kumfa, a cikin sabulu ta tashi. Tun tana ƙarama Inna ta koya mata cewa babu dattin da zai gagari cuɗa. In ƙanenta Auta ya yi ɓarna, wanka. In ya cika kuka ma, wani lokacin wanka.

Ranar da abin ya faru, jirgin Masu Shinshina ne ya sauka. Dogayen halittu ne masu sanyin hali, ba ido, ba kunne, sai ƙananan hantuna jere a hannuwansu. Da wari suke gane hanya, da wari suke gane juna. In sun zo ɗiban ruwa sukan kwantar da jariransu a kan bututan zafi na lungu, su tafi aiki, in sun dawo kowace uwa ta shinshino nata. Jirginsu kuwa in ya tashi, sai yaro ya yi furfura jirgin bai sake biyowa ta tashar ba.

Inna ta ɗaura ƙullin kayan da za ta kai wa masu shi, ta ce, "Kada ki kuskura ki taɓa 'ya'yan mutane. Kin ji ni ko?"

"Inna, su ma mutane ne?"

"Ba su da uwa? To mutane ne. Ki kula min da Auta, sarkin barci, kada ya faɗo."

Bayan fitarta 'Yar Kumfa ta leƙa lungu don zubar da ruwa. Ashe an rufe bututu ɗaya ana gyara, ya yi sanyi ƙalau, jaririn da aka ɗora a kai ya gangaro ƙasa. Bai fi matashin kai girma ba, ruwan toka, jikinsa duk maiƙo, yana ta karkarwa. Ta tsaya ta tuna maganar Inna. Ta juya za ta tafi, sai ya nannaɗe mata yatsan ƙafa da ɗan hannunsa.

"Kai ma dai," ta ce. "Zo ka ɗan ji ɗumi, yanzu zan mayar da kai."

Ta kai shi ciki, ta cusa shi cikin bargon Auta. Shi kuwa Auta duk abin da ya samu cikin barci rungumewa yake yi, ko takalmi ne. Ya rungume baƙon. Karkarwar ta tsaya. 'Yar Kumfa ta ji daɗi, ta koma kan wankinta, har ta manta.

Inuwar da ta rufe ƙofa ce ta tuna mata. Uwar jaririn ta sunkuyo ta ƙofa, hannuwanta na lalube cikin iska. Ta wuce bahuna, ta shiga ɗakin kwana, ta yaye bargo, ta shinshina wannan, ta shinshina wancan. Sai ta ɗauki Auta ta manna a ƙirjinta, ta juya.

"Yaya!" Auta ya farka da ihu. "Yaya, ki ce ta sauke ni!"

"Ba shi ba ne! Ga naki can!"

Ina, babu kunnen da zai ji. 'Yar Kumfa ta riƙe mata ƙafa, kamar ta riƙe ginshiƙi. A lungu suka yi kiciɓis da Inna tana dawowa, daidai lokacin da ƙahon jirgin ya yi busar farko ta shirin tashi. Inna ta kamo ƙafar Auta da ke lilo, ta ji maiƙo a hannunta, ta dubi 'yarta.

"Tare kika kwantar da su? Warin ɗanta ya koma jikin Auta, na Auta ya hau ɗanta. Miƙo min bokitin can, maza!"

Inna ta sheƙa wa Auta ruwan sabulu yana hannun halittar. Tana bin ta tana cuɗa shi, ƙafa, baya, duk inda hannunta ya kai, Auta na kukan sabulu ya shiga masa ido.

'Yar Kumfa ta ga abin da Inna ke yi, sai ta ruga ciki. Ita ta ɓata, ita za ta gyara. Ta ɗauko jaririn ta tsoma a baho, ta cuɗa shi yadda aka koya mata, lungu da saƙo, har ƙarƙashin hannuwa. Ta ɗauraye, ta sake saɓa masa sabulu. Sai da ya daina santsi ta yarda ya fita.

A waje halittar ta tsaya cak. Ta shinshina Auta sama da ƙasa, sannan ta ajiye shi a hankali kamar ƙwai. Inna ta fizge shi ta ƙanƙame. Halittar ta dawo ɗakin da sauri, tana nema.

'Yar Kumfa ta ɗaga mata jaririn. "Ga shi, na wanke miki shi tas."

Hannu ɗaya ya sauko, ya bi jikinsa, ya ɗan dakata, ya wuce.

"Me kika yi?" in ji Inna. "Wanke shi kika yi?"

"Warin Auta na cire."

"Kin cire har da nasa, 'yar nan."

Abu ɗaya ne ya rage a ɗakin mai warin jaririn, wato bargon. Halittar ta lalubo shi a kan gado, ta naɗe shi da kyau, ta rungume can saman ƙirjinta tana jijjigawa. Ƙaho ya yi busa ta biyu. 'Yar Kumfa ta bi ta da gudu tana miƙa jaririn, tana ɗage, tana kuka, hannunta bai kai ko ƙugun halittar ba. Sau ɗaya wani hannu ya sauko, ya ture su gefe, ba da zafi ba, yadda ake kawar da ɗan maƙwabta daga hanya. Halittar ta shige jirgi, ƙofar ƙarfe ta rufe. Jirgin ya tashi, bangon tashar ya yi ɗan girgiza, ya yi shiru.

Da suka koma ɗaki Auta ya ce, "Inna, bargona fa?"

Jaririn ya zame daga hannun 'Yar Kumfa, ya ja ciki har bakin ƙofa, inda uwarsa ta goga ƙafa da za ta shigo. Ya manna hantunansa a wurin ya kwanta. Ƙasan duk kumfa ne da sawun ƙafa. 'Yar Kumfa ta ɗauki tsumma don hannunta ya saba, Inna ta riƙe mata wuyan hannu.

"Ban da nan."

Ta cire mayafinta ta lulluɓa masa a inda yake. Daga ranar, ɗakin wankin Inna ko'ina ƙal yake, sai bakin ƙofar nan da ruwa bai sake taɓawa ba. Kullum da safe 'Yar Kumfa takan durƙusa kusa da sabon ƙanenta ta shinshina wurin ita ma. Ba ta gaya wa kowa ba, amma ta lura kullum sai ya ƙara daɗewa yana lalube kafin ya samu inda zai kwanta.