Taken Waɗanda Ba Su Dawo Ba

Shekara biyu fari yana cin Gure, da ruwa ya tashi zuwa kuma sai ya zo da mugunta. Ya rushe gidan samariya inda muke wasan kwaikwayo da rawa, gangunanmu suka ruɓe a ƙarƙashin ƙasa.

Hassane, malamin lakwal, wato makarantar boko, da aka turo mana daga yamma, shi ya dage sai an sake gini. Mu da hanjinmu ke kuka muka yi ta kwaɓa laka. Na zage shi a zuciya ba sau ɗaya ba, amma na ɗauki tulu, don a gidan nan na koyi rawa. Kumandan, jami'in gwamnati mai mulkin garin, ya ce in ranar buɗewa ba a yi wasa ba, zai mai da ginin sito.

Makaɗa huɗu gare mu kafin fari. Aisami kaɗai ya rage, shi ma ya ce ya bar kiɗa.

"Baba Aisami, fata ce babu? Zan samo," in ji Hassane.

"Ba fata ba, malam. Wa zan kira?"

Bawan Allah bai gane ba. A wurinmu ba a buɗe wasa sai an kaɗa wa kowane ɗan rawa takensa, ya ji, ya fito fili. Hassane ya yi ta magiya har tsohon ya ce to.

Ranar buɗewa, bayan la'asar, gidan ya cika. Aisami ya rataya ganga, hannu kuwa abin da ya saba shi ya sani. Ya kaɗa taken Ɗanladi. Shiru. Ɗanladi ya bi shanunsa kudu, ba shi ba labarinsa. Ya kaɗa na Ibram, wanda muka binne a hanyar Gidigir. Wata mata ta rufe fuska da zane. Kumandan ya fara duba agogo.

Sai ya shiga taken Umara, gwanin rawarmu, da zawo ya kashe a sansanin rabon hatsi. Yana cikin kaɗawa ya tuna, hannunsa ya tsaya.

"Ƙarasa," in ji Ya Kaka, uwar Umara, daga cikin mata. "Ba a kiran ɗana a bar shi a hanya."

Ta miƙe da sanda, ta fito fili. Ƙafa ɗaya take ja, amma takun ɗanta ne, har yadda yake karya kafaɗa. Babu wanda ya yi guɗa. Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Da ta gama sai ta dubi matan.

"Ke Yabawa, mijinki aka kira da farko. Tashi."

Aisami ya share ido da bakin riga, ya koma kan taken Ɗanladi.