Igiyar Shanya

Ɗalibata ce ta zo ta ɗaya a gasar waƙoƙin zaman lafiya ta yara. 'Yan ajinsu Aku suke ce mata, don bakinta ba ya hutawa. Kwana tara kafin bikin ba da kyauta aka yi tashin hankali a unguwarsu, mutane suka watse. Tun ranar ban sa ta a ido ba, wayar babanta kuma a kashe.

Duk da haka na je zauren taron, na zauna kusa da kujerar da aka ajiye mata. Manyan baƙi uku suka yi jawabi, kowanne sai da ya tuna mana zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, sai ka ce mu muka yi musu.

Mai shirya taro ya raɓo kusa da ni yana gumi. Da na gaya masa babu yarinyar, ya ce ai babban baƙo ba zai miƙa wa iska kofi ba, ga masu hoto na jira. A samo wata mai tsayinta kawai, da babu gara ba daɗi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, waƙar tata ce. A bari in faɗa wa mutane abin da ya hana ta zuwa."

Ya ce yau ranar farin ciki ce. Shugaban makarantarmu ya taka mini ƙafa, na haɗiye sauran maganar. Raina ya ɓaci, amma wa zai saurare ni?

Yarinyar aro ta hau, ta karanta waƙar:

"Zaman lafiya shi ne Inna ta yi wanki,
ta bar kayan su kwana a igiya."

Aka yi ta tafi. Har da ni, don kunya.

Da la'asar na ɗauki kofin na nufi gidansu, ko Allah zai sa wani ya dawo. Kwaɗo na tarar a ƙofa. Na ƙwanƙwasa duk da haka, sannan na leƙa ta kafar ƙyaure.

Kayan suna nan a igiya. Zanen Innarta biyu, da rigar makarantar Aku, rana ta fara cinye launinta.