Sawun da Ya Fito Daga Tanki

Shekara tara Yaya ba ta ji muryar ƙanwarta ba, sai ranar wata Talata da hantsi, tana zaune bayan tagar yankan tikiti a tashar mota, wayarta ta yi ƙara.

"Ki zo gida," in ji Auta. Ba gaisuwa, ba tambayar lafiya. "Ba jikin Mama ba ne. Wani abu ne da sai kin gani da idonki."

Yaya ta bar wa abokiyar aikinta littafin tikiti da hatimi ta kama hanya. Tun rasuwar Baba Auta ta ɗauke mata wuta. Ba su yi faɗa ba, ko cacar baki ba ta haɗa su ba, kawai dai Auta ta daina kallon ta. Ko bara da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Mama har ta ɗauke mata magana, ta bakin maƙwabciya suka raba kwanakin jinya, don kada su haɗu.

Ta tarar da Auta tsaye a bakin kicin, da ƙurar alli a hannun rigarta, alamar daga aji ta taho. Da baki ta nuna mata ƙasa.

Sawu ne a kan siminti, jiƙe sharkaf, ƙanana kamar na yarinya 'yar shekara biyu. Sun taso daga tsohon tankin ruwa na ƙasa da ke tsakar gida, sun bi ta baranda, sun shiga ɗakin Mama, sun tsaya daidai bakin gadonta.

"Yaran maƙwabta ne," in ji Yaya.

"Ƙofa a kulle take. Yau kwana shida ke nan. Goge ki gani."

Yaya ta ɗauko tsumma ta durƙusa ta goge tas. Kafin ta gama matse tsumman a bokiti, sai ga su suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, dama, hagu, dama, a hankali, irin tafiyar mai koyon tafiya. Suka wuce ta gefen gwiwarta. Ta ji sanyi ya taɓa ta kamar an buɗe firij. Tankin kuwa ya fi shekara talatin a bushe, murfinsa na ƙarfe tsatsa ta liƙe shi.

"Ni 'yan biyu aka haife mu, ni da wata 'yar'uwata," in ji Auta, idonta a kan bango. "Baba ya gaya mini a asibiti, ana gobe zai rasu. Ya ce kina 'yar shekara shida aka bar miki mu. Kika buɗe tanki za ki ɗebi ruwa, kika tafi wasa kika bar shi a buɗe. Ta faɗa ciki ta rasu. Shi da Mama suka ƙone hotunanta, suka yi alkawarin ba za su sake ambaton ta ba, don kada ki tashi da abin a ranki."

Yaya ta zauna a ƙasa, tsumman na hannunta. Ta lalubi ƙwaƙwalwarta kamar mai neman allura a cikin rairayi. Ta tuna jan keken da Baba ya saya mata, ta tuna ranar da haƙorinta ya fita. Yarinya ta biyu kam babu ita ko a mafarki.

"Shekara tara kina riƙe da wannan, ba ki ce mini uffan ba?"

"Me zan ce miki, Yaya? Duk na kalle ki sai in ga murfin."

Mutum ɗaya ce ta rage da za ta sani, Gwaggo, ƙanwar Baba. Suka kira ta, suka ajiye wayar a kan tebur tsakaninsu. Auta ta maimaita mata abin da Baba ya faɗa.

"Yayana, Allah ya jiƙansa, ba ya gida ranar," in ji Gwaggo. "Abin da uwarku ta faɗa masa shi ya riƙe. Ni dai na ɗaga murfin nan da hannuna sau da yawa. Yarinya 'yar shekara shida ba za ta iya ɗaga shi ba. Amma ban gani da idona ba, kada ku ɗora mini."

Suka shiga ɗakin Mama. Ɗakin na warin man zafi da sabulu, kwalaben magani jere a kan taga. Yaya ta durƙusa a gefen sawun, ta kama hannun da ke da rai.

"Mama, ni ce na buɗe? In ni ce, ki matsa hannuna."

Mama ta dube ta, ta dubi ƙasa inda ruwan yake. Hannun bai motsa ba.

"In ke ce, ki matsa."

Nan ma hannun bai motsa ba. Sai hawaye ya gangaro ta gefen idon da ba ya rufuwa, ya shige cikin kunnenta. Auta ta sa bakin mayafinta ta share.

Sun yi abin da suka iya. Sun kira magini ya cike tankin da yashi ya shafe shi da siminti. Washegari sawun suka fito daga kan sabon simintin. Sun ɗauke Mama zuwa gidan da Auta ke haya a hawa na uku. Kwana biyu aka yi lafiya, a rana ta uku mai sharar benen ta ƙwanƙwasa ƙofa tana mitar wa ke zubar da ruwa a matakala.

Daga nan suka daina. Yaya ta koma aikin safe kawai a tasha, da azahar ta zo ta karɓi Auta. Yanzu suna magana, amma ba ta wuce ta magani da zanen gado da za a sauya. Auta ba ta ba da haƙuri ba, Yaya kuma ba ta san ko akwai haƙurin da take bin ta ba.

Wata Asabar suna juya Mama don kada bayanta ya yi gyambo, leɓenta ya soma rawa. Suka sunkuya su biyu, kai da kai. Ta fitar da sauti ɗaya, kamar farkon suna, ta sake gwadawa, ya maƙale. Sun jira har hannuwansu suka gaji da riƙon ta.

"Gyara mata filo," in ji Auta a hankali.

Yaya ta gyara.