Ƙarar da ta Hana Gunvor Shiga Mota

Tau!

Kofin da ke hannuna ya fantsalo min a riga. Na zura takalmi, na tsallaka shingen da ya raba gidana da na Sixten, ban ko bi ta ƙofa ba.

Na same shi yadda ya wuni duk satin nan: rabin jikinsa a cikin but ɗin tsohuwar motarsa ƙirar Amurka, ƙafafu a waje suna reto.

"Sixten, yaƙi aka fara ba a gaya min ba?"

"Majvor uwar gulma, an iso? Da ma mai zama nake nema. Shiga gaba ki zauna."

"Tsofai-tsofai da kai ka cika but da sifika kamar yaran da ke hana mu sakat a bakin gidan mai. Saura ka huda kunne."

Tsokana ce kawai, na san dalili. Matarsa Gunvor kunnenta ya daɗe da mutuwa, daga baya hankalin ma ya fara fita yawo, aka kai ta gidan tsofaffi da ke bayan coci. Ba ta jin waƙa, amma in babbar sifikar nan da suke kira wufa ta buga, tana jin gangar a gadon bayanta ta jikin kujera. Nan take sai ta dawo Gunvor ta da, har ta kira sunansa. To kwanaki suna cikin tafiya abin ya yi tau, kujera ta zabure ta, ta fasa kuka tana neman ɓalle ƙofa mota na gudu. Babbar nas ɗin gidan ta ce Gunvor ba za ta ƙara shiga motar ba sai an gyara. Ni a bakin mai sharar gidan na ji, ƙanwarta ce ke gyara min gashi.

Ga shi Asabar ɗin nan ce ranar da tsofaffin motoci ke zagaya gari duk shekara, kuma su biyun ba su taɓa fashi ba tun suna saurayi da budurwa.

Na shiga na zauna. Ya kunna. Dum, dum, dum, har haƙoran robata na rawa.

"Yaya?"

"Lafiya lau, sai dai cikina."

Ya kunna fitilun mota. Tau! Na kusa haɗiye harshena.

Ya zagi motar har kakarta, ya koma but. Ya riga ya canza wayoyin da ke kawo waƙa daga rediyo. Ya raba su da wayar batir, wai kada su riƙa jin maganar juna, kamar ni da matar fasto. Ya rage ƙarfin amfilifaya, ya sa sabon fis, ya buɗe akwatin sifikar ya duba ko fatarta ta yage. Duk a banza. Abin zai yi shiru ya yaudare shi, da an taka gargada ko an taɓa fitila sai ya harba.

Ni ba ƙarar ce ta fi damuna ba. Numfashinsa ne. In ya fito daga but sai ya dafa mota, leɓensa ya yi shuɗi, yana haki kamar wanda ya hau tsauni.

"Ba likita ya ce ka kwanta ba?"

"Wa ya gaya miki?"

"Bango."

"Ki ce wa bangon zan kwanta ranar Lahadi."

Ya tura taba ƙarƙashin leɓe ya koma ciki.

Kwanakin nan ban iya zama wuri ɗaya ba. In ɗauki saƙa in ajiye, in leƙa taga, in dawo. In na ji tau raina ya ɓaci, in na ji shiru gabana ya faɗi.

Ranar Juma'a da hantsi na kai masa burodin kirfa. Ya ce in riƙe masa tocila. Na sunkuya cikin but, da na ɗago sai ga hannun farar rigata ya yi baƙi ƙirin.

"Ka gani ko! Wannan baƙin man naka akwai inda bai shiga ba? Kowa ƙarƙashin mota yake shafa wa saboda gishirin titi, kai har cikin but. Da Gunvor ta tsaya da ita ma ka shafe ta don kada ta yi tsatsa."

Ya tsaya yana kallon hannun rigata, baki buɗe. Duk kaka, kafin ƙanƙara ta sauka a fara watsa gishiri a titi don narkar da ita, sai ya bi motar nan lungu-lungu da man hana tsatsa, alhali ba ta ko fita da sanyi.

"Haska min nan," ya ce a hankali.

Ya kwance notin da ya ɗaure wata baƙar waya a jikin ƙarfen motar. Ƙarƙashinsa man ne ya daskare, kauri guda.

"Ta nan wuta ke komawa. Ni da hannuna na toshe mata hanya. Kai, Sixten, jaki!"

"Ban musa ba."

Ya ɗauki samfefa ya fara gogewa, hannun ya ƙi. Ya miƙo min ba tare da ya dube ni ba.

"Sai ya yi ƙyalli kamar cokali."

Na goge, ina mita, yana zaune a kan bokiti yana ba da umarni kamar shi ya haife ni. Ya ɗaure wayar. Muka fita, ya bi ta kan duk wani rami da ke layinmu, ya kunna fitila ya kashe, ya danna ham. Dum, dum, dum. Ba tau.

"Gobe ki sa riga mai kyau, ki zauna a baya," ya ce. "Amma bakinki ya zauna a gida."

Da safe na ji ƙarar ruwa yana wanke mota. Can kuma na ji ruwan ya ƙi tsayawa. Na leƙa, ya malalo har titi.

Yana zaune a kan kujerar lambu kusa da motar, sanye da falmaran ɗinsa ta fata, gashi ya sha mai, tiyo a ƙasa yana zuba. Na ce, "Tsoho, za ka ƙarar mana da ruwan gari." Na faɗa har sau biyu kafin na taɓa hannunsa. Ya yi sanyi, rai ya riga ya yi halinsa.

Motar asibiti ta zo ta tafi da shi ba jiniya. Na kashe famfo. Na shiga gida na fito, na sake shiga. Daga cikin gari ana jin ham da kiɗa, an fara taruwa. Makullin yana jikin motar Sixten.

Rabona da tuƙi tun mijina na da rai, kuma wannan ba mota ba ce, jirgin ruwa ne. Na tafi kamar mai rakiyar kunkuru, na kwashe kwandon sharar matar fasto a kwana, ban tsaya ba.

Babbar nas ta tare ni a ƙofar gidan tsofaffi. "Mun ji. Ba mu gaya mata ba tukuna. Tun safe take zaune da jaka a cinya."

"An gyara," na ce. "Ba inda zan kai ta, nan harabar kawai."

Ta dubi yadda na hau kan furanninsu da mota, ta dube ni, ta juya ta koma ciki.

Suka fito da Gunvor, ta ɗaure gashi da jan ƙyalle. Ta tsaya a bakin ƙofar motar tana shakka, sannan ta shiga. Na kunna.

Dum, dum, dum.

Ta jingina bayanta, ta lumshe ido. Can sai ta miƙo hannu tana lalube ɓangaren direba, ta sami gwiwata, ta ɗora a kai. Yatsanta ɗaya yana bin gangar. Ban motsa ƙafar ba.