Gahawar Nusret a Tagar Biza

Nusret ƙanin marigayiya matata Zijada ne, shi ta bar mini tare da labule da tukwane. Mai walda ne, hannunsa na da kyau, kan ne sai a hankali. Wani kamfanin gyaran jiragen ruwa can arewacin Turai ya ɗauke shi aiki, aka ce za a riƙe masa gurbin zuwa ƙarshen kaka in biza ta fito. Ya ajiye aikinsa a garejin Hajrudin a nan Zenica, ya yanka rago, dangi suka ci suka yi kukan rabuwa. Biza ba ta fito ba.

Tun farkon bazara ofishin jakadancin ƙasar ya karɓi takardunsa, daga nan shiru. Takardar likita ta mutu yana jira, ya sabunta, kafin ya kai ta ta 'yan sanda ta mutu. Na yi rayuwata a ɗakin karatu, na karanta azabobin da mutane suka ƙirƙiro wa juna, ban ga mai tsafta irin wannan ba.

"Farfesa, ka raka ni ofishin jakadancin a Sarajevo," ya ce. "Kai ka iya yarensu."

A mota na ga leda a cinyarsa: gahawa, sukari, da katon cakulan, an naɗe da farar takarda.

"Wannan fa?"

"Gaisuwa mana. Wa ke zuwa wurin mutum hannu rabbana? Da Yaya Zijada ke asibiti ba irinsa ka kai wa likita ba?"

"Na kai. Ka ga kuma yadda ta warke."

"Kai dai bakinka ba ya faɗin alheri."

"Mutanen nan ba irinmu ba ne, Nusret. Bar ta a mota."

"Akwai ɗan Adam da ba ya shan gahawa?"

Mai gadin ƙofa ɗan ƙasarmu ne. Ya leƙa ledar, ya shinshina, ya ce, "Mai kyau ce, kawu," ya ba mu hanya. A ciki mutane cike, ma'aikatan jinya, direbobi, magina, kowa rungume da takardunsa, ana magana ƙasa-ƙasa kamar gidan makoki.

Bayan gilashin wata yarinya ce, ita ma tamu, amma tana magana kamar wadda aka haifa a cikin na'ura. Ta duba, ta ce ana kan aiki. Sai yaushe? Ba za su iya faɗa ba.

"'Yata," in ji Nusret, "ga ɗan abin shan safe."

Ya tura ƙunshin ta ƙarƙashin gilashi. Ramin na takarda ne, ƙunshin ya ƙi shiga. Ya danna da tafin hannu, na ji cakulan ya karye, takardar ta yage, garin gahawa ya watsu a kan teburinta. Ta ja kujera baya kamar ta ga ɓera.

Shugabanta ya fito, ɗan can ƙasar, dogo, mai ladabi, irin ladabin da ke sa mutum ya ji ƙazanta a jikinsa. Ya ɗauki hoton gahawar. Mutumin da ya kasa duba takardun mai walda tun bazara, nan take ya samu lokacin rubuta rahoto. Ya ce in fassara: an mayar da takardun sashen bincike, saboda yunƙurin ba ma'aikaciya kyauta.

"Me ya ce, Farfesa? Ya gode?"

"Ya gode ƙwarai. Tashi mu tafi."

Kaka ta ƙare. Kamfanin ya kira, cikin ladabi shi ma, ya ce ya ba wani gurbin. Nusret ya koma wurin Hajrudin yana murza hula.

"Ba kai ne muka ci ragonka ba?" in ji Hajrudin. "Na ɗauki wani daga Nepal. Sai dai ma'aikatar gwamnatinmu ta zauna a kan takardar bizarsa tun damina. Ka riƙe wurin har ya iso. Ranar da ya sauka, ka san ƙofa."

Yanzu kullum da safe Nusret kan biyo ta ƙofata da abin rufe fuskarsa na walda a hannu.

"Farfesa, mutumin Nepal bai samu biza ba tukuna!" yakan faɗa da fara'a. "Allah ya ƙara wa ma'aikatarmu jan ƙafa."

Nakan rufe taga.