Sirdin Keken Kalilu

Bisa gadon kara aka shigo da Kalilu unguwa, mutum huɗu na ɗauke da shi, rana ta take tsaka. Bafulatanin da ya tsince shi yana biye, yana tura keken a karkace irin na wanda bai taɓa riƙe ƙarfen Nasara ba. Albasa na zubowa daga buhun da ke ɗaure a baya, ɗaya bayan ɗaya, ba mai duƙawa ya ɗauka.

Hamidu na ƙofar gidansa zai yi alwala. Katanga ɗaya ce ta raba shi da Kalilu shekara goma sha ɗaya. Ya miƙe da buta a hannu.

"Subhanallahi! Mi yaf faru?"

"Kan hanyar Aliero na ishe shi, dab da shigowa gari," in ji Bafulatanin. "Ba faɗuwa yay yi ba. Da kai nai yas sauka, ya jingine abin hawa nai ga icce, ya kwanta shina riƙe da mara."

Aka wuce da Kalilu cikin gida, kukan matarsa Gudiya ya tashi. Shi kuwa Hamidu, idonsa da bai iya ganin keke ya ƙyale ba, sai ya sauka kan sirdin: baƙin sirdi siriri mai dogon hanci, an ɗaga shi sama yana sheƙi. Ya san shi sarai. Nasa ne, kuma da hannunsa ya ɗaura shi.

A shekarun nan, da Nasara suka fara share hanyar mota, kekunan Jega ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Hamidu falken goro ne, shi ya fara dawowa daga kudu bisa basukur, kamar yadda tsofaffi ke kiransa, tun daga nan ya zama alƙalin kekuna ba tare da kowa ya naɗa masa rawani ba. Kotunsa gindin durumin bakin kasuwa. Duk keken da ya gifta sai ya yanke masa hukunci. A wurinsa sirdi ya zo daidai ƙugun mai shi, kan keke ya miƙe sak, ƙararrawa a dama, famfo a maƙale, sarƙa ta sha mai ba ta kuka. Ranar da Muntari mahauci ya rataya wa nasa tuntaye na jan fata har guda takwas, Hamidu ya dube shi ya ce, "Wagga kai ta za ka yi ɗakin miji, ko hawa?" Kafin la'asar Muntari ya tsinke su. Har daga Maiyama wani malamin hakimi ya taɓa turo sabon kekensa don Hamidu ya ce ya yi.

Keken Kalilu kuwa ƙaya ne a idon Hamidu. Tsoho ne, na neman abinci. Kullum da sassafe zai nufi Aliero, wani lokaci har Danwarai, ya ɗauro albasa ya dawo. Ba tsufan ne ke damun Hamidu ba, sirdin ne. Kalilu ya yanke hancinsa, ya naɗe shi da audugar rimi, ya rufe da fatar akuya har ya yi faɗi kamar faifai, ya sauke shi can ƙasa, sannan ya juya kan keken sama. In yana tuƙi sai ka gan shi zaune daram, gwiwoyi a buɗe.

Mako uku da suka wuce, ranar kasuwa, durumi ya cika, Kalilu ya zo wucewa.

"Maƙwabci, tsaya!" Hamidu ya ɗaga hannu. "Jama'a, ku duba mani. Wanga keke ne ko kujerar tsakar gida?"

Aka fashe da dariya. Maiwada dillali, wanda ba ya bari wasa ya huce, ya ce, "Saura a ba shi ƙwarya da tankaɗe!"

Kalilu ya sauka a hankali, ƙafa ɗaya sannan ɗaya. Ya yi murmushi. "Haka na saba da shi, Hamidu."

"Sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Kai maƙwabcina ne. In an ganka bisa wanga abu, ni aka zagi."

Kuma har ga Allah, a ransa alheri yake yi. Ya aika gida aka ɗauko masa sirdin da ya zo da shi daga kudu yake ta ɓoyo. Ya zaro wuƙa ya farke fatar akuyar, audugar rimi ta tashi tana yawo a kan mutane. Ya ɗaura sabon, ya ɗaga shi, ya miƙar da kan keken, ya ɗaure tamau.

"Kyauta na ba ka. Hau mu gani."

Kalilu ya dubi sirdin, ya dubi mazan da suka kewaye shi, ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya rufe. Ya hau. Aka yi masa tafi. Ya ce, "Na gode, maƙwabci. Allah shi bar zumunci." Ya tafi, bayansa a sandare.

Daga ranar kullum Hamidu na ganinsa yana fita bisa sabon sirdi, yana jin daɗi a ransa kamar wanda ya gina masallaci.

Yau da la'asar, bayan wanzami ya shiga ya fito yana girgiza kai, A'i matar Hamidu ta dawo daga wurin Gudiya. Ba ta cire mayafi ba. Ta tsaya a bakin ɗaki tana dubansa.

"Malam, ka san abin da kay yi?"

"Mi niy yi?"

"Bawan Allan nan shekara bakwai shina da gwaiwa. Don ita yay yanke sirdi, don ita yas sa audugar. Tun randa kac canza mai, kullum in ya dawo sai Gudiya ta gasa mai da ruwan zafi, shina cizon zane don kar ku ji ta katanga. Ta ce ya maida tsohon, ya ce ina, kyautar maƙwabci gaban jama'a, in ya cire ta mi za shi ce an tambaye shi?"

Hamidu ya ɗago ya dube ta. "Don mi ba ki gaya mani ba?"

"Da wane baki? Maganar da mata ke yi bakin turmi ita zan kawo maka? Kuma ka taɓa tambaya? Kai dai ka gani, ka yanke."

Ya zauna a ƙasa, ba tabarma. Wayyo, ido! Ido da ke gane sarƙa ta yi sako-sako daga nesan taki arba'in, ya kasa gane mutum na tafiya da azaba a ƙofar gidansa. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Tun yana yaro ya ji malamai na cewa haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe da bakinsa. Wanzami kuwa ya ce hanji ya sauka ya shaƙe, sai dai addu'a. Lallai ne ya faɗa wa Kalilu laifinsa ya nemi gafara tun numfashi na nan.

Washegari ya shiga dubiya, ya tarar da ɗakin cike. An ce wa mutane ciwon ciki ne. Maiwada na zaune bakin gado yana ƙoƙarin ba mara lafiya dariya.

"Tashi, Kalilu! Yanzu da kekenka yaz zama na maza za ka kwanta? Ga alƙali nan, tambaye shi, duk Jega ba sirdi irin naka."

Kalilu ya yi murmushin nan nasa, gumi na tsattsafo masa a goshi. Hamidu ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Sannu." Ya sake cewa, "Sannu." Ya fita. Da yamma ya koma, ya tarar da 'yan'uwan Kalilu sun iso daga Danwarai. Ya tsaya a zaure yana jin muryoyinsu, ga keken a jingine, ya kasa dubansa, ya juya gida. A gaban kasuwa guda ya kunyata mutum, ga shi yana neman lungu don ya ba shi haƙuri.

A rana ta uku da hantsi, Gudiya ta yi magana ta kan katanga, ba ta ambaci sunansa ba. "A'i, ki ce da maigidanki ana kira nai."

Hamidu ya shiga, ɗakin ba kowa sai mara lafiyar. Kalilu ya rame cikin kwana biyu har hancinsa ya fito. An lulluɓe shi da zane biyu daga ƙirji zuwa ƙafa, duk da zafin da ake yi, hannunsa ɗaya na riƙe da gefen zanen.

"Zamna kusa, maƙwabci. Muryata ta tafi."

Hamidu ya durƙusa. Hawaye suka riga maganar fitowa. "Kalilu, na zo in roƙe ka. Sirdin nan da ni..."

"Sirdi mai kyau ne."

"A'a, ka bari in faɗi. Ban san kana..."

Sai ya ga idon Kalilu. Idon ya buɗe, tsoro ya cika shi, ba tsoron mutuwa ba. Hannun nan ya ƙara damƙe zanen ya ja shi sama. Nan take Hamidu ya gane: in ya ƙarasa maganar, Kalilu zai san asirin da ya ɓoye shekara bakwai, wanda ya zaɓi azaba a kan ya tonu, ya riga ya tsallake katanga; zai san matarsa ta faɗa; zai mutu yana jin duk unguwa na kallonsa tsirara. Shi Hamidu zai sauke kayansa, amma a kan ƙirjin mai mutuwa zai sauke su.

Ya haɗiye maganar. Ta wuce tana yankarsa.

"Ban san kana jin jiki haka ba," ya ce. "Da na riƙa zuwa."

Hannun ya saki zanen kaɗan. Kalilu ya lumshe ido. "Zama tare sai da saɓani. Na yafe ma kowa. Kai ma ka yafe mani warin albasa."

Irin yafewar da kowane mai tafiya ke yi wa duniya ce, wadda za ta ishi mai bin hanya da mai sayen albasa. Hamidu ya karɓe ta don ba wata, ya kuwa san ba ta taɓa inda ke masa ciwo ba.

"Abu guda nika roƙo," Kalilu ya ce, sai da Hamidu ya kai kunne. "In ta Allah ta kasance, kai za ka yi mani wanka, kai da Liman Alu. Kar a tara mani mutane. 'Yan'uwana suna da surutu." Ya numfasa. "Akwai abin da za ka gani. Mai wanka ba shi da baki, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To, madalla."

Bai sake magana ba. Kafin azahar Gudiya ta yi salati da ƙarfi, mata suka amsa daga gida zuwa gida.

An kewaye bayan ɗaki da zana. Maiwada ya naɗe hannun riga zai shiga taimako, Hamidu ya tare ƙofar da jikinsa.

"Mamaci ya bar wasiyya. Mu biyu."

"Haba, alƙali, ni ma aboki nai ne."

"Mu biyu, Maiwada."

Ba wanda ya taɓa jin muryarsa haka. Maiwada ya ja da baya.

A ciki tsoho Liman Alu ya naɗe tafinsa da tsumma, ya yi bisimilla, ya ce, "Riƙe mani zanen, ɗana, kar shi zame."

Hamidu ya kama gefe biyu na zanen ya ɗaga shi kaɗan yadda hannun liman zai shiga, ya riƙe da ƙarfi. Ya kai idonsa kan zanar, ya kafe shi a wurin. Wata ƙadangaruwa na maƙale a jikinta, maƙoshinta na motsi. Ruwan ɗumi na sauka daga ƙwarya a hankali, yana bi ta ƙarƙashin gadon da aka kwantar da mamacin, ya zo ya kewaye yatsun ƙafarsa, ƙasa na shanye shi.