Rabi Kore, Rabi Ja

Nuha ta juyo wa mahaifinta kwamfutar, kusa da kofin gahawar da ta huce. Ƙwayar insulin na juyawa a allon: sarƙa biyu, ƙaramar kore, babbar ja.

"Yaba, duba. Na sa manhajar ta ba kowane sashe launinsa. Amma sandunan da suka haɗa sarƙoƙin sun fito rabi kore, rabi ja. Malaminmu ya ce hoton kamar rigar faci."

Mahaifin nata, Malam Shitu, ya koyar da kimiyyar sinadarai a Khartum har idonsa ya gaji. Ya gyara tabarau.

"Manhajar ba ta yi kuskure ba. Ɗaurin farar wuta ne, ƙafa ɗaya nan, ɗaya can. Ki cire shi, sai a yi wa mai ciwon sukari allurar ruwa."

A waje mota ta yi ham. Hisham ne, ƙanin marigayiya Khadiga, uwar Nuha. Tun da 'yar'uwarsa ta auri Shitu, Batakare jikan baƙin da suka zo daga yamma, bai taka gidan nan ba; ko ta'aziyyarta a bakin titi ya karɓa. Yau ya zo ɗaukar Nuha zuwa Umdurman. Wani gida mai suna na neman aurenta, in dai za ta koma wurin dangin uwa, a kuma rage ambaton Shitu. Har yanzu ba ta ce i ko a'a ba.

"Kawunki ya iya ham. Mu Takari mu yi musu limanci, mu wanke musu gawa, duk daidai. Suruki ne dai ba a so."

"Yaba, wallahi ba zancen kawu nake ba. Ana iya mai da su launi ɗaya, ko ba a iyawa?"

Ya so ya ce ba a iyawa. Amma bai taɓa koya wa ɗalibi ƙarya ba, ba kuma zai fara da 'yarsa ba.

"Ana iyawa. Ki zaɓi ƙwayar zarrar da ke gefe ɗaya, ki sauya mata sunan sashe. Manhaja ba ta binciken asali. Abin da aka rubuta mata take bi."

"Wane launi zan ba su?"

"Hotonki ne."

Ta ɗan dakata, yatsanta a kan maɓalli. Sannan ta danna. Sandunan suka koma ja tas.

"Babbar sarƙar ce ta fi yawa," ta ce, ba ta dube shi ba. "Ya yi kyau?"

"Ƙwarai. Ƙarya ce mai tsabta. Malaminku zai so ta."

Ta rufe kwamfutar, ta sumbaci kansa, ta jawo jaka daga bayan ƙofa. Sai a lokacin ya lura jakar a ɗaure take tun kafin a tambaye shi launi.